Washegarin Talata

A bakin Innarmu mako kwana shida ne da ɗan wani abu. Za ta ce Lahadi, Litinin, Talata, sai ta ɗan dakata kamar mai tsallake taɓo, ta ce "washegarin Talata", sannan ta wuce Alhamis abinta. Haka muka tashi muka same ta, kuma ban san akwai wani abu a ciki ba sai ranar da malaminmu na firamare a Zinyau ya ce in lissafa ranakun mako. Na miƙe na lissafa masa irin na gidanmu, aji ya kwashe da dariya.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ranar Laraba Inna ta haifi 'yarta ta fari. Sunan yanka Lubabatu, amma kowa Larai yake ce mata, mu ƙannenta kuma mu ce Adda Larai. A wajenmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta kallonsa ido cikin ido, ba ta yi masa wasa a gaban mutane. Hausawan cikin gari ma suna wannan kunyar, sai dai tasu tana da ranar hutu. Fulakon Inna ba shi da ita. Sauran mata sunan kawai suke bari, ita kuwa ta haɗa har da ranar ta ajiye.

Ni ce auta, Salma. Sunana kam ya ga ta kansa a bakin Inna. Salma kawo faifai, Salma kori kajin nan, Salma wa ya bar tulu a buɗe. Duk kiran da aka hana Adda ni aka juye wa. Har yanzu da nake ɗakina a cikin garin Rano da 'ya'yana, in waya ta yi ƙara da sassafe na san sunana ne zai sake shan wuya.

Inna sunanta Dije. An haife ta a wata ruga a gefen Kibiya, inda duwatsu suke kwance a cikin gonaki kamar shanun da suka ƙoshi. In ka tambaye ta shekarar, sai ta ce shekarar da tsamiyar bakin rafi ta faɗi, ita kuwa tsamiyar ba wanda ya rage da ya san ta. Ta auri mahaifinmu, Malam Mato, Allah ya jiƙansa, mutumin da ya gaji da bin shanu kudu duk rani, ya samu fili kusa da Zinyau ya kafa bukka. Bukka ta zama ɗakin ƙasa, ɗakin ƙasa ya samu kwano, shanu suka ragu, gonar dawa ta ƙaru. Inna ce kawai ba ta canja ba.

Sana'arta nono. Kafin gari ya gama wayewa tana tsugune a gindin saniya, ƙwarya tsakanin gwiwoyinta, goshinta jingine da cikin dabbar, tana yi mata magana ƙasa-ƙasa da Fillanci. Kowace saniya da sunanta: baƙar Ɓaleye, farar Raneye, jar nan mai taurin kai Woɗeye. Matar da ba ta kiran 'yar cikinta, ga ta tana kiran shanu ɗaya bayan ɗaya da murya mai laushi, su kuma suna ɗago kai. Adda ta taɓa gaya mini cewa da tana ƙarama ta yi fatan a ce ita maraƙa ce.

In rana ta ɗan ɗaga sai Inna ta jera ƙorai a ka, babba a ƙasa, ƙarama a sama, ta rufe da faifai, ta kama hanyar Rano. Da damina farin tururi yakan tashi daga fadama ya kwanta a kan hanya, sai ka ga ƙorai suna tafiya su kaɗai a saman dawa, mai ɗauke da su ba a ganinta. Ina yarinya nakan tsaya a bakin shinge ina kallonsu har su ɓace, ina raya wa kaina cewa Inna ba ta taka ƙasa. Yanzu 'yan mata sun koma jarka da babur, su je su dawo kafin azahar. Inna ta ce nono ba ya son a girgiza shi kafin lokacinsa, ta ci gaba da tafiyarta a ƙafa.

Adda ba ta tashi a gabanta ba. Da aka yaye ta aka kai ta wajen kakarmu a Kibiya, kamar yadda ake yi wa ɗan fari. Daga can wani baffanmu ya tafi da ita Kano, ta yi boko har ta gama jami'a. In ta zo hutu, Inna takan ce, "Salma, an yi baƙuwa," sai ka ji kaza tana kuka a bayan ɗaki. Kindirmon da ya fi kowane kauri na baƙuwa ne. Amma Inna ba ta taɓa miƙa mata ƙwarya hannu da hannu ba. Ko ta ajiye a ƙasa ta juya, ko ta ba ni in kai, alhali tsakaninsu bai fi tsawon taɓarya ba.

Aikin Adda fim ne, amma ba irin na rawa da waƙa ba. Irin wanda ake zuwa a zauna da mutum ne, a bar shi ya faɗi rayuwarsa da bakinsa, ba haddar magana, ba kwalliya. Mata take bi. Ta yi a kan masu fasa dutse, ta yi a kan ungozoma, ta yi a kan zawarawan da suke riƙe da gida su kaɗai. Tana da wani irin shiru da yake sa mace ta kwance ƙullin da ke ranta ba ta sani ba. Ni dai na san inda ta gado shi.

Daminar bara Adda ta sauka a gidana da wani mai ɗaukar hoto, Shamsuddeen, magidanci ɗan cikin birnin Kano mai yawan magana. Ta ce fim za ta yi a kan masu tallar nono, yadda burtali ya matse, yadda madarar gari ta shigo kasuwa, yadda matan ruga suke zama matan gari ba tare da sun san ranar da abin ya faru ba. Na ce madalla. Bayan la'asar muna zaune mu biyu muna gyaran wake, sai ta faɗi na ciki.

"Salma, na zauna da mata sun fi a ƙirga. Wata ta gaya mini abin da ko mijinta bai sani ba. Duk suna kiran sunana, wata ta ce Larai, wata Lubabatu, wata Hajiya mai hoto. Matar da ta haife ni ce kawai ban san yadda sunana yake fita a bakinta ba."

Na ce, "To ki ari nawa mana, Adda, ai ya ishe mu mu biyu."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Ba cewa nake ba ta sona ba. Na san wa ake yanka wa kaza a gidan nan. Sunan nake so in ji, sau ɗaya, ko da faɗa ne. Inna ta tsufa. Ina tsoron ranar da za a buga mini waya a ce ta tafi da shi."

Tausayinta ya kama ni, sai na ci gaba da tsince waken.

Inna ba ta yi gardama ba da na kai mata zancen. Ta ce, "Ki ce wa baƙuwar, in hoton shanu take so ga su nan, su ba sa jin kunya." Muka ɗauki wannan a matsayin ta yarda. Shamsuddeen ya kafa kyamararsa a tsakar gida, ya maƙala wa Inna wani ɗan abin magana a bakin mayafi, Adda kuma ta zauna a bayansa ta zuba wa ƙaramin gilashin kyamarar ido. A nan na gane rabin abin da ya kawo ta. Ta wannan gilashin tana iya kallon fuskar Inna yadda take so, ba mai cewa ta yi rashin kunya. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, to ita fuskar aka hana ta tun tana goye.

Hirar ma abin kallo ce. Adda ta ce, "Salma, tambayi Inna yaushe ta fara tatsa." Ni in juya in maimaita, kamar Inna ba ta ji ba. Inna ta kalli saniya, ko ta kalli ƙwarya, ta ce, "Ki ce mata tun hannuna bai iya zagaye hantsa ba." Ni in sake juyawa. Shamsuddeen ya yi ta ƙunshe dariya, ya ce shi a rayuwarsa bai taɓa ganin tafinta tsakanin Hausa da Hausa ba.

Adda ta zo da tarkonta. Ranar farko ta ce in tambayi Inna sunayen 'ya'yanta, wai don masu kallo su sani.

Inna ta ce, "Akwai Ishiyaku, akwai Abdulganiyyu, sai wannan mai bakin, Salma."

"Kafin Ishiyaku fa?"

Inna ta ɗauki ludayi ta juya nonon a hankali. Ta ce, "Kafin Ishiyaku an yi wata damina mai kyau. Ciyawa ta kai ƙugu. Ban sake ganin irinta ba."

Washegari aka sake ɗana wani. A ce Inna ta faɗi aikin da take yi kowace rana ta mako. Ta faɗa tsaf, ta zo wajen ta dakata, ta tsallake, ta wuce Alhamis. Adda ta rufe ido ta jingina kai da bango. Na ce mata a hankali, "Adda, tsohuwar kura ce fa, ta san ramin da aka rufe da ganye."

Daga nan ta daina ɗana tarko, ta bar Inna ta yi zancenta. Sai zancen ya buɗe. Inna tana kaɗa mai a cikin gora, gorar tana kai da komo a cinyarta, tana magana kamar da kanta take yi. Ta ce hanyar Rano ba ɗaya ba ce, kullum sabuwa ce. Akwai safiyar da takan ji ƙarar ƙafafun shanun mahaifinta a bayanta, shanun da aka sayar tun kafin a haife mu, in ta waiga sai ta ga dawa ce kawai take kaɗawa. Ta ce takan yi mafarki rafin Kibiya ya cika da nono, mata suna wanki a ciki, ba wadda ta yi mamaki. Ta ce mace ƙwarya ce, in ta tsage a ɗinke ta, ta koma ta awon hatsi, ba a yar da ita. Shamsuddeen ya daina dariya. Har kaji suka yi shiru a tsakar gidan.

Can ta ce, "Akwai shekarun da na riƙa kai nono Kibiya."

Na ce, "Kibiya, Inna? Ga Rano a kusa?"

"Mutanen can sun fi sanin kindirmo."

"Kullum kike zuwa?"

"A'a. Rana ɗaya a mako."

Ba Adda ce ta sa ni ba, bakina ne ya riga ni. Na ce, "Wace rana?"

Gorar ta tsaya a cinyarta. Ta yi irin dakatawar nan tata, sai dai wannan ta fi ta kullum tsawo. Wata kurciya tana kuka a kan darbejiya. Sannan ta ce, "Washegarin Talata," ta ci gaba da kaɗa manta.

A hanyar komawa Rano Adda ta ce ta tuna. Tana 'yar mitsitsiya a gidan kaka, akwai wata mai nono da takan tsaya a ƙofar gida ba ta shiga, ta ajiye 'yar ƙwarya a kan dakali, ta gyara gammo, ta daɗe tana gyara shi, sannan ta tafi. Ta ce ita duk zatonta gammon matar ne ba shi da kyau. Ta yi hawaye a bayan Keke Napep, ni ma na taya ta. Da ta share ido ta ce, "Amma ba ta faɗa ba, Salma."

Ranar da za su gama ɗauka, Shamsuddeen ya so ya burge Inna. Ya juyo mata da gilashin ya nuna mata Woɗeye, ya yi ta jawo hoton kusa har ta ga ƙudan da ke kan gashin idon saniyar. Inna ta daɗe tana kallo.

Ta ce, "Ɗan nan, abin nan naka yana ganin abin da ba a faɗa ba?"

Ya ce, "Inna, duk abin da ya motsa yana gani."

Ta ja bakin mayafinta ta rufe baki, ta shige ɗaki, ko sallama ba ta fito ta yi musu ba. Na ɗauka gajiya ce.

A falona suka fara duba abin da suka ɗauka. Da rana ne, ruwa yana sauka a kan kwano a hankali, irin wanda yake sa mutum ya manta abin da ya tashi yi. Shamsuddeen yana gaban kwamfuta yana yanke wuraren da ba magana. Ya ce, "Anti, shirun nan na Inna sun yi yawa. Ko dai ta fara mantuwa ne? Duk inda za ta ce Laraba sai ta tsaya lalube." Muka kalli juna ni da Adda. Ya kai wajen zancen Kibiya, ya ɗora hannu zai yanke, sai ya ce, "Tsaya, kamar addu'a take yi." Ya jawo fuskar ta cika allon, ya rage gudun hoton.

Ga Innarmu, idonta a kan gora. Leɓunanta suka tsuke kamar mai hura wuta. Suka haɗu suka rabu, suka sake haɗuwa suka rabu. Sannan suka sake tsukewa. Ba sauti ko kaɗan, sai kukan kurciyar nan da ya ja ya yi tsawo.

Ba Larai take cewa ba. Lubabatu take cewa, sunan yanka, sunan da liman ya raɗa, wanda ko mu ba ma kira.

Adda ta ce ya koma baya. Ya koma. Ta ce ya nemo sauran wuraren. Ya nemo inda ta lissafa aikin mako, ya nemo inda ta yi zancen ranar da ake wanke ƙorai. Ko'ina haka ne, wani wurin da sauri kamar ƙiftawar ido, wani wurin a hankali. Ashe taɓon da muke gani tana tsallakewa tun muna yara ba tsallake shi take yi ba, tsayawa take ta kira 'yarta, sannan ta wuce. Ni da nake kallon bakin nan kullum ban taɓa lura ba, don ni sunana nake jira ya fito. Wadda za ta lura kuwa ba ta da ikon kallo.

Gani ya kori ji. Adda ta zauna a ƙasa a gaban kwamfutar, ta sa yatsa a kan allon daidai bakin Inna. Ta amsa a hankali, "Na'am." Na tashi na shiga kicin, don abin ya fi ƙarfina.

Da na dawo Shamsuddeen ya samu bakin magana. Ya ce wannan shi ne zuciyar fim ɗin. A ajiye shi a ƙarshe, a rage gudu, a rubuta sunan a ƙasa da Turanci don na nesa su gane. Ya ce duk inda aka nuna shi sai an yi kuka, kuma gaskiya ya faɗa. Amma ni sai lokacin na tuna da bakin mayafin nan, na gane abin da Inna ta tambaya da abin da ta ji tsoro.

Na ce, "Adda, kin yi wa matan ruga alkawarin majigi in an gama. In kika haska wannan a bango, gaban sa'o'inta da surukanta da jikokinta, wallahi Inna ba za ta sake ɗaukar ƙwarya ta fita ba. Abin da ta riƙe tun kafin a haife ni za ki kwance mata a tsakar fili."

Ta ce, "Sunana ne, Salma."

"Bakinta ne kuma."

"Ke ba ki san yadda abin yake ba. Ke an kira ki har kin gaji."

Ba ƙarya ta yi ba. Suka koma Kano ba ta gaya mini abin da ta yanke ba. In na buga waya na tambaya sai ta ce aiki yana tafiya, ta sako zancen yara. Inna kuma a watannin nan ta rage magana. In zance ya biyo ta kan ranaku, sai ta kai hannu ta gyara mayafi a baki. Ba ta tambaye ni komai ba, ni ma ban ce mata komai ba, muka yi ta zama da abin a tsakaninmu.

Bayan an yanke dawa suka dawo. Aka kafa sanduna biyu a filin da ke gaban gidanmu, aka ɗaure farin ƙyalle, aka ja janareta can bayan rumbu don kada ƙararsa ta dami mutane. Ana idar da sallar magariba mata suka fara zuwa da tabarmi, na rugarmu da na maƙwabta, har da waɗanda suka zo daga Yalwa a kan babur. Inna ta zauna can baya a kan kujerar tsugunno, mayafi a baki. Na zauna kusa da ita. Adda tana gefe wajen na'urar, ba ta kalli inda muke ba.

Da haske ya faɗa kan ƙyallen sai ga ƙorai suna tafiya su kaɗai a saman dawa, cikin farin tururi, daidai yadda nake ganinsu ina yarinya. Fili ya yi tsit. Iska tana ɗan kaɗa ƙyallen, shanun da ke ciki suna lanƙwasa suna miƙewa, na gaske kuma suna amsa musu daga garke. Mata suka ga kansu, wata ta rufe fuska, wata ta ce ashe haka take tafiya kamar agwagwa ba wanda ya gaya mata. Da aka zo zancen burtali da gonaki suka cinye, dariya ta ɗauke, tsofaffi suka yi ta gyaɗa kai.

Sai ga Inna da gorarta, fuskarta ta kai girman ƙofar zaure. Ta ce mutanen Kibiya sun fi sanin kindirmo. Na ji muryata tana cewa, "Wace rana?" Inna ta gefena ta kama hannuna, abin da ba ta taɓa yi ba. Tafin hannunta da sanyi.

Hoton ya sauka daga fuskarta. Ya koma kan hannayenta biyu da suka tsaya cik a wuyan gora, jijiyoyinsu a fili, ɗan man shanu yana ƙyalli a babban yatsa. Shirun yana nan yadda yake, ba a rage masa komai ba, kurciya tana kuka a cikinsa. Fili guda muka zauna muna kallon hannayen tsohuwa. Sannan murya ta ce, "Washegarin Talata," gorar ta ci gaba da kai da komo.

Wata tsohuwa a gaba ta ce, "Dije dai ba ta canjawa." Aka yi 'yar dariya aka wuce. Duk sauran wuraren haka Adda ta yi da su: in Inna ta dakata, sai a ga ƙwarya, ko saniya, ko hanya. Inna ta saki hannuna. Can kuma na ga ta sauke mayafin daga bakinta, ta kalli ragowar fim ɗin kamar kowa.

Daga baya Shamsuddeen ya gaya mini, yana girgiza kai, cewa Anti ta sa ya goge wuraren gaba ɗaya, ko a wayarta ba ta ajiye ba. Ya ce ya roƙe ta, ta ce ta riga ta gani, kuma ba don a nuna aka yi mata ba.

Daren majigin a gidan Inna muka kwana. Da safe Adda tana zaune a kan tabarma a ƙofar ɗaki, Inna ta gama tatsa, ta dama fura a wata ƙaramar ƙwarya mai zane da ba ta ba kowa. Na miƙa hannu in karɓa in kai, kamar yadda na saba tun ban fi tulu tsayi ba.

Ta ce, "Matsa, Salma."

Ta wuce ni. Ta je har gaban tabarmar, ta kau da kai gefe, ta miƙa ƙwaryar da hannu biyu. Adda ta karɓa da hannu biyu. Na ga yatsunsu sun taɓa juna a ƙarƙashin ƙwaryar, kuma ba wadda ta yi saurin janyewa.

Inna tana tsaye a wurin, fuskarta tana wajen garke, ta ce, "Salma, yaushe baƙuwar za ta koma?"

Na ce, "Laraba, Inna."

Ta ce, "To," sannan ta dakata. Ba mayafi a bakinta, ba kyamara a tsakar gida, tsakaninta da Adda bai kai taku ɗaya ba. Ɗago kai kawai Adda za ta yi. Ni da nake gefe na ga leɓunan sun tsuke, sun haɗu sun rabu, sun sake haɗuwa.

Adda ta sunkuyar da kai tana kallon furarta har Inna ta gama.